Masu gudun ciniki idan ya zo da girma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu taɓo wata matsala da ba a cika kiranta da sunanta ba. Kullum ana kukan rashin jari, kuma kukan gaskiya ne. Sai dai akwai masu sana'a da yawa, musamman mata masu sana'ar cikin gida da matasa masu aikin hannu, waɗanda kayansu ke da kyau, masu saye na yabawa, amma ranar da babban ciniki ya zo sai su ja da baya. Mai ƙuli-ƙuli ce babban kanti zai nemi ta riƙa kawo leda 200 duk mako, ta ce za ta yi shawara, shawarar kuwa ba ta ƙarewa. Tela ne makaranta za ta ba shi ɗinkin kayan ɗalibai, sai ya daina ɗaga waya. In ka zauna da su ka saurara, abin da ke biyo bayan samu shi ne ke firgita su: buƙatun dangi, masu cin bashi, ma'aikatan hukuma, bakin mutane, da nauyin yaran aiki.

Wannan tsoro yana da tushe, kuma wanda ya ce wa mai shi "kawai ka daure" bai taimake shi da komai ba. Abin da ke rage shi shi ne a ɗauko kowane abin tsoron a sa shi a takarda.

Mu fara da babban cinikin kansa, domin nan ne aka fi yin rauni. A ce ledar ƙuli-ƙuli ɗaya tana cin naira 350, an haɗa gyaɗa, niƙa, gawayi, leda, takardar suna da kuɗin mota, ana kuma ba kanti a kan 500. Leda 200 na nufin kashe 70,000 duk mako. Kanti ba ya biya hannu da hannu, yawanci sai bayan mako biyu ko uku, wani ma sai kaya sun ƙare. In biyan na bayan mako uku ne, mai sana'ar za ta zuba 210,000 kafin sisin farko ya dawo mata. Wadda duk jarinta 100,000 ne, a mako na biyu za ta tsaya cik, ta kasa cika alkawari, ta kuma rasa tsofaffin masu sayenta na unguwa da ke biya nan take, saboda ta kwashe kayansu ta kai kanti. Ribar 150 a kowace leda tana nan a lissafi, amma kuɗin sayen gyaɗar gobe babu. Wannan ne ke durƙusar da sana'ar da ciniki ya yi wa yawa.

Maganin shi ne a karɓi cinikin a rage girmansa. A ce wa mai kanti za a fara da leda 50 na tsawon wata guda, in an ga tafiyarsu a ƙara zuwa 100. A nemi a rubuta abu uku a takarda, kowa ya sa hannu: ranar biya, farashi da tsawon lokacin da zai tsaya, da wanda zai ɗauki asarar kayan da ba su sayu ba. Wannan na ukun shi ake yawan mantawa, shi ne kuma ke kawo rigima. Tela kuwa kada ya yanka yadi ko taki ɗaya bai karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin yadi da zare gaba ɗaya ba, ya bar kuɗin ɗinki a matsayin ciko. Ya kuma ƙirga riga nawa keke ɗaya ke fitarwa a yini, ya cire ranakun rashin wuta, kafin ya furta ranar da zai kawo kaya.

Sai maganar dangi, wadda ita ce mafi nauyi a zuciya. Da zarar an ga shago ya cika, buƙata za ta ninku: kuɗin makarantar ɗan ƙane, gudunmawar biki, asibiti, kayan sallah. Zumunci wajibi ne, ba ma kiran kowa ya yanke shi. Matsalar ita ce yawancin masu ƙaramar sana'a aljihu ɗaya gare su, uwar kuɗi da riba da cefane duk wuri guda, don haka duk taimakon da suka yi daga jari yake fita ba su sani ba. Wasu na ganin haka ya faru da wani, sai su zaɓi zama ƙanana don kada a gan su.

Tsarin da ke aiki shi ne a raba kuɗin gida uku. A buɗe asusun banki na sana'a shi kaɗai, duk ciniki ya shiga nan, har wanda aka turo ta waya. Mai sana'a ya yanka wa kansa albashi na wata, komai ƙanƙantarsa, daga nan cefane zai fito. Sannan ya ware kaso sananne daga riba, misali ɗaya cikin goma, ya zama na taimako da gudunmawa. In ya ƙare a ranar 20 ga wata, ya ƙare, mai buƙata sai ya jira wata mai zuwa, kuma faɗin "na wannan watan ya ƙare, amma na sa ka a na gaba" ya fi sauƙi a baki fiye da faɗin babu. Bashin kaya ma haka: a sa masa iyaka, kada jimlar abin da ke hannun mutane ta wuce kashi goma cikin ɗari na jari, a rubuta suna da rana a littafi, wanda bai biya na baya ba kada a ƙara masa. Zakka kuma a fitar da ita a kan lokaci idan dukiyar ta kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya, ta kuma shekara. Ɗaya cikin arba'in ne, dangi mabuƙata waɗanda ciyar da su bai wajaba a kanka ba suna cikin waɗanda suka fi cancanta.

Tsoron ɗaukar mai taimako shi ma gaskiya ne, domin kaya kan lalace daidai lokacin da hannu na biyu ya shiga. Dalilin a fili yake: ma'aunin sana'ar a kan mai ita yake. Tana zuba gishiri da yaji da ido, ta san tunkuza ta yi daidai da taɓawa. Yarinyar da aka ɗauko ba ta da wannan idon. A sayi ƙaramin sikeli, a auna komai sau uku a ranaku daban, a rubuta: gyaɗa kilo kaza, gishiri giram kaza, minti kaza a wuta. A liƙa takardar a bango. Tsince gyaɗa kuwa kada a bar wa kowa shi sai an koya masa, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, suya kuma ba ta kashe ta. Wanda zai sari gyaɗa da yawa a kasuwar hatsi ta Dawanau lokacin kaka don samun sauƙin farashi, ya tabbata ta bushe sosai, ya ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Kuma kada a liƙe leda ƙuli-ƙuli na da ɗumi, zai yi gumi ya yi laushi cikin kwanaki kaɗan.

Game da hukuma, mutane da yawa na gudun rajista don kada a san da su. Amma babban kanti ba zai daɗe yana karɓar abin ci marar lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ba, banki kuma ba ya buɗe asusu da sunan sana'a sai da takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Rajistar sunan kasuwanci ta intanet ake yin ta, da lambar NIN, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma na iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. CAC ake fara yi, sannan a nemi NAFDAC, wadda za ta duba wurin aiki da tsaftarsa da ruwan da ake amfani da shi, ta kuma buƙaci takardar jikin leda ta nuna sunan kaya, adireshi, abubuwan da aka haɗa, ranar yi da ranar lalacewa. Ɗaki ɗaya da aka keɓe wa sana'ar, ba wanda ake girkin gida a ciki ba, yana rage wahala sosai. A je ofishin da ƙafa a tambayi kuɗin da ake biya, domin 'yan tsakiya kan ninka shi. Masu gudun bashin ruwa kuma su sani akwai bankunan da ba sa ta'amali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin murabaha: banki ya sayi injin ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan.

Saura bakin mutane da hassada. Ba ma musun su. A riƙe azkar na safe da yamma, a daina tallan riba a dandalin sada zumunta, a tallata kaya kawai. Amma ɓoye sana'ar gaba ɗaya ba kariya ba ce. Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, sai ya yi addu'ar albarka ga mai tayin ya nemi a nuna masa kasuwa.

Ga wanda ke da tayin ciniki a hannu yanzu yana jan ƙafa, shawararmu ita ce ya zauna yau da biro ya fitar da abin da kaya ɗaya ke ci, ya ninka da adadin da aka nema, ya sake ninkawa da makonnin jiran biya. In jarinsa bai kai ba, ya raba adadin gida huɗu, ya kira mai tayin kafin Juma'a ya ce zai fara da kaso ɗaya.

Muna kuma roƙon Edita ya duba yiwuwar ware wani shafi duk mako da zai riƙa kawo irin wannan lissafi da Hausa, sana'a bayan sana'a: ɗinki, kiwon kaji, man gyaɗa, sabulu, gyaran waya.

Wassalam.

Daga wasu masu horar da ƙananan 'yan kasuwa,
Kano.