Wasiƙa Ga Masu Tafiyar Tulo-Tulo Daga Daura

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwanmu abokan ciniki.

Muna godiya ga duk wanda ya rubuta sunansa a tafiyar hunturun bana zuwa tuddan rairayi na Tulo-Tulo, a ƙaramar hukumar Yusufari ta Jihar Yobe. Za mu tashi daga Daura bayan sallar asuba, mu bi ta Gumel da Nguru da Gashuwa. Daga inda kwalta ta ƙare, sai yashi zalla, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Roƙonmu na farko, don Allah a rage kaya. Direbobi kan sassauta iskar taya kafin shiga yashi don motar ta samu wurin takawa, amma in Hilux ta yi nauyi, kafewa take yi, sai kowa ya sauko a yi ta tono da turi cikin rana. Jaka ɗaya mai laushi ta ishi mutum. Akwatin ƙarfe ko mai taya a bar shi gida. Nauyin da muke maraba da shi ruwa ne: lita 5 ga kowa a rana, da ƙullin gishiri da sukari na kemis.

Sutura kuwa ta yanayi biyu za a shirya. Da hantsi rana na dukan mutum, da dare sanyi na ratsa ƙashi. A sa riga mai dogon hannu ta auduga, sakakkiya, sannan a ajiye rigar sanyi da safa da bargo kusa da hannu. Alhazai, shadda mai sitati da babbar riga su jira ranar Juma'a. Rawani dai ya fi hula nesa ba kusa ba. Buzaye ba don ado kaɗai suke jan amawali ba, yana tare ƙura daga hanci da baki. Hajiyoyi, hijabi matsakaici da wando a ƙarƙashin zani sun fi sauƙin hawa da sauka, domin dogon hijabi kan maƙale a ƙofa.

Silifas ba zai yi ba. Ƙarangiya na nan, kunama kuma da dare take fita, saboda haka takalmi rufaffe, a kuma kakkaɓe shi kafin a sa da safe. A riƙo tocila, tabarau, man kaɗanya na leɓe da diddige, katin shaidar ɗan ƙasa saboda shingayen jami'an tsaro. Waya a ƙulle ta cikin leda, a kuma sanar da iyali cewa sabis zai ɗauke.

Mai asma, ciwon baya ko hawan jini, da mai juna biyu, ya zo ofis mu yi magana kafin ya biya, domin girgizar hanyar ba kaɗan ba ce, asibiti kuma da nisa. Dabino da kilishi da shayi muna da su.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.

Naku,
Ma'aikatan ofishinmu na Daura