Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar sikas, shukar adon nan mai kama da ƙaramin dabino

Assalamu alaikum.

Ban so a kai ga rubutu ba, amma maganar ta yi yawa har na tsince ta a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a: wai mun sayar wa mutane sikas mai cuta, kuma mun ninka kuɗi. Gara ku ji daga bakina.

Gaskiya ne, kayan da suka zo mana gab da hunturu sun zo da matsala. Sikas ba abin da za ka shuka yau ka sayar baɗi ba ne. Asalinsa daga kudancin Japan yake, kuma sau ɗaya a shekara yake fitar da sabon ganye, in an yi sa'a sau biyu. Wanda kuke gani gindinsa ya kai girman abarba ya kwashe shekaru kafin ya kai haka. Shi ya sa muke sarowa daga Kudu. Wannan karon motar ta kwana 3 a hanya, direba yana rigimar kuɗin dizal, suka iso a galabaice. Sai bayan mako 2 yaron lambu ya ɗaga wani ganye ya ƙwala mini kira. Ƙasan ganyen fari fat, kamar an barbaɗa garin rogo, in ka sa farce ya kankaru. Ƙwari ne da ke mannewa suna tsotse ruwan ganye, har saiwa suke sauka. Lokacin kuwa an riga an sayi wasu daga cikin sikas ɗin. Na kira wanda ya lodo mana, ya rantse lafiya lau suka bar hannunsa. To, ni dai ba ni na ƙirƙiri ƙwarin nan ba, kuma ban taɓa ganin irinsu a lambuna ba sai bana.

Maganar kuɗi kuma, kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ga ruwa. A bazarar Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, tankar ruwa muke saye, mai fili kuma ya ƙara haya. Abin da muka ɗora bai ma rufe wannan ba.

Sai dai ku yi mini haƙuri in faɗi wata gaskiya: ba duk ganyen da ya yi rawaya ne laifinmu ba. Na je wani gida a Arkilla da aka kira ni cikin fushi, na tarar da tukunya ba huda ko ɗaya, mai gadi yana ba shi ruwa safe da yamma kamar alayyahu. Da muka ciro shi saiwar ta ruɓe har tana wari. Sikas ba ya son ruwa ya kwanta masa. A haɗa ƙasarsa da yashi, a tura yatsa a ji ta bushe kafin a sake zubawa, a kare shi daga ranar azahar ko da inuwar dogon yaro ce. Tsofaffin ganyen ƙasa kuwa dama sukan yi rawaya su bushe. Kuma na sha faɗa, guba ne, musamman 'ya'yansa: a nesanta shi da yara, da awaki, da ragon layya.

Sauran da ke hannunmu mun ware su gefe muna yi musu magani, muna kuma kan magana da mutumin da ya lodo mana. Wanda nasa ya kamu ya zo mu zauna, in sha Allahu za a san abin yi.

Ban manta Hajiyarmu ta Mabera ba, wadda ta fara sayen fure a hannuna tun ina dashe a gwangwanin madara, ko Alhajin Runjin Sambo da bai taɓa tambayata ragi ba, shi ne ma ya kira ni shiru ya ce in duba kayana. Allah ya saka muku da alheri. Jin wasunku sun koma saye wani wuri ba tare da sun neme ni ba, ba zan ɓoye ba, ya yi mini ciwo.

Lambu a buɗe yake kullum daga safe har magariba. Mai zuwa kada ya ɗauko tukunyar, ya yanko ganye ɗaya ya ɗaure a leda, don kada ƙwarin su bazu cikin sauran.

Naku,
Mai lambu