Wasiƙa daga Ballyhaunis

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da ƙannena baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, sai ruwan saman ƙasar Ayilan da ba ya ɗaukewa.

Tsohon manomin nan da nake haya a wurinsa, wanda na sha ba ku labarin kirkinsa, ya rasu daren Litinin. Da gari ya waye, gidan rediyon Midwest ya karanta sunansa cikin sanarwar rasuwa da yake yi kullum, wadda tsofaffin gundumar Mayo ba sa bari ta wuce su, kafin azahar kuwa motoci sun cika hanyar gonar.

Su a nan zaman makoki kafin binnewa suke yi. Gawar ta kwana biyu a falonsa cikin akwati buɗe, da kyandir a gefenta, kuma ko sau ɗaya ba a bar ta ita kaɗai ba, domin maƙwabta sun raba dare a tsakaninsu. Matarsa ta tsayar da agogon bango daidai lokacin da ya cika, ta lulluɓe madubi, aka buɗe taga na ɗan lokaci, wai don rai ya sami hanyar fita. Duk wanda ya shigo sai ya riƙe hannun iyalan ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa hannun mamacin, sannan ya wuce kicin inda shayi ba ya yankewa. Akwai giya ma, ni dai na tsaya ga shayina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne dariya. Suna idar da addu'a da carbinsu na Katolika sai suka shiga labarin rowarsa wajen cinikin shanu, har matar tana share hawaye tana dariya. Da fari na ɗauka rashin ta ido ne, amma da dare ya raba na lura babu wanda ya ba da labari sai wanda ya san shi shekara da shekaru.

A ƙauyukan nan maƙwabta ne ke haƙa kabari da hannu, ba iyalan mamaci ba. Babban ɗansa ya tambaye ni ko zan shiga cikinsu, na karɓi shebur saboda haƙƙin maƙwabtaka, muka yi ta fama da ƙasa mai laka da duwatsu. Ranar Alhamis aka ɗauke shi a kafaɗa, masu kantuna suka rufe ƙofofinsu har gawar ta wuce.

Bayan wata guda za su sake taruwa a coci su yi masa addu'a, abin da ya tuna mini sadakar arba'in ɗin Kawu da ban samu halarta ba. Ku gaya mini waɗanda suka haƙa kabarinsa, ina so in aika musu da goro.

Ɗanku mai biyayya.