Ƙorafi ga kamfanin da ke riƙe mana DNS: sabarku tana sandarewa

Zuwa ga shugaban sashen fasaha,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, na fito da maganar nan fili ne saboda duk tikitin da na buɗe a shafinku da amsa ɗaya ake rufe shi: an sake kunna sabar, komai ya daidaita. Bai daidaita ba.

Ina kula da shafukan intanet na wasu 'yan kasuwa da makarantu, kuma sunayensu duka a sabar DNS ɗinku suke, wato injin da ke mayar da sunan shafi ya zama adireshin da kwamfuta za ta bi ta kai gare shi. Haka kawai sai ta sandare. Injin bai mutu ba, ka yi masa ping, wato gwajin ko yana raye, ya amsa, amma ka tambaye shi adireshin wani shafi da manhajar dig sai ka yi ta jira har lokaci ya ƙare. Shafukan suna nan ƙalau inda aka ajiye su, babu dai mai iya kaiwa gare su, imel ma ya tsaya cak. Ranar da wata makaranta ta buɗe rajistar ɗalibai, iyaye suka yi wa shugabar ca a waya, ita kuma ta sa ni gaba.

Wani ma'aikacinku, Allah ya saka masa da alheri, ya gaya mini BIND 9 kuke amfani da shi a matsayin manhajar DNS, kuma duk sanda abin ya faru named, wato shirin BIND ɗin da ke amsa tambayoyi, yana nan cikin jerin ayyuka, ba ya jan ƙarfin injin ko kaɗan, umarnin rndc status da ake tambayar halin da yake ciki ma shiru. To wannan ba cunkoso ba ne, don da cunkoso ne da an ga injin yana haki. BIND 9 yana raba aikinsa tsakanin zaruruwa da yawa, wato ƙananan layukan aiki da ke tafiya a lokaci guda. Idan biyu suka riƙe makulli ɗai-ɗai, kowanne yana jiran na hannun ɗan'uwansa, sai su yi cirko-cirko, sauran su taru a bayansu. Abin da nake zargi ke nan, hanyar tabbatarwa kuwa a hannunku take.

Kashewa a kunna da kuke yi share sawun ɓarawo ne. Kafin ku taɓa komai, ku ɗauki hoton ƙwaƙwalwar named da manhajar gcore, ku buɗe shi a gdb, manhajar binciken kurakurai, ku ba da umarnin thread apply all bt, za ku ga inda kowane zare ya maƙale. Ba aikin yini ba ne. Daga nan ku tayar da named da -n 1, wato da zaren aiki guda ɗaya, na ɗan lokaci, ku ga ko sandarewar za ta dawo. Ku kuma duba zubin da kuke amfani da shi da named -v, don tsohon zubi da aka daina yi wa gyara bai cancanci zama a bakin aiki ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sabobinku biyu, ns1 da ns2, tare suke faɗuwa, adireshinsu ma maƙwabta ne. Tun 1997 takardar ƙa'idojin intanet RFC 2182 ta ce a raba su, wuri daban, layi daban. Da kun yi haka, da wataƙila ban ma san kuna da matsala ba.

Ina son bayani a rubuce kan abin da kuka gano, a fitar da ns2 daga wannan ɗakin, a kuma cire kuɗin watan nan daga bil ɗina. In lokacin sabunta rajistarmu da ku ya zo ba a yi ba, zan kwashe sunayen in kai wani wuri.

Naku,
Wani abokin cinikinku