Sanarwa: zaman Asabar kan John Berger

Assalamu alaikum ƴan uwa, fatan kowa lafiya. Zamanmu na wannan watan ranar Asabar ne bayan isha'i a nan guruf, kan John Berger, Baturen Ingila da ya yi soja daga 1944 zuwa 1946, ya ajiye kaki ya kama zane da rubutu da sharhin zane-zane. Da ya ci kyautar adabi ta Booker a 1972 rabin kuɗin ya miƙa wa ƴan Black Panthers na Birtaniya, masu fafutukar haƙƙin baƙar fata, wallahi nan ya burge ni. Don Allah kowa ya kalli kashin farko na shirinsa Ways of Seeing a YouTube, minti 30 ne kacal, ya zo da tambaya ɗaya. Masu tallan atamfa a ɗaga mana ƙafa ranar. Allah ya kai mu, na gode.