Kafin a kunna kwamfutar da ta daɗe a ajiye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili mu yi magana da waɗanda suka yi watanni ba su taɓa kwamfutarsu ba, ko don ta lalace, ko tafiya ta kama su, ko rashin wuta irin wanda Arewa ta sha a watan Oktoban 2024. Mu masu gyara ne a nan Kaduna, kuma yawancin ɓarnar da ake kawowa shago, a ranar farko ta komawa aiki ake yin ta, saboda ɗoki.

A fara da ido kafin a jona wuta. A juya laftof a duba ƙasanta. In murfin ƙasa ya yi tozo, ko wurin shafa yatsa ya ɗago, batir ya kumbura. Kada a caja shi, a kai a cire, domin yana iya kamawa da wuta. In lafiya lau, a nemo cajarta ta asali. Yawancin HP da Dell suna cin volt 19.5, Lenovo kuwa 20, kuma adadin yana rubuce a jikin cajar da ƙasan injin. Bakin caja ya shiga rami ba shi ne ta dace ba. A bar ta a jone kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a kunna, saboda batirin da ya ƙare ƙaf a hankali yake fara karɓar caji. Wadda ta yi hunturu a ajiye kuwa ƙura ta riga ta cika mata fanka, wani lokaci har da kyankyasai. A busa da abin hura iska, amma a danne fankar da tsinke don kada iskar ta juya ta fiye da kima.

Da kwamfutar ta kunnu, a kalli agogonta. Akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo a kan babban allon ciki, galibi CR2032 mai volt 3, shi ke riƙe kwanan wata. In ya mutu sai kwamfuta ta koma wata tsohuwar shekara, burauza ta ƙi buɗe shafin banki da na imel, ta ce takardar shaidar tsaron shafin ba ta da inganci. Mutane da yawa kan ɗauka ƙwayar cuta ce, har su biya a goge musu komai, alhali gyara kwanan wata da sauya ɗan batirin nan ne maganin.

Daga nan, kafin a taɓa intanet, a kwashe muhimman takardu da hotuna zuwa filash. In rumbun ajiyar tsohon samfuri ne mai juyawa kuma ana jin yana ƙas-ƙas, wannan kwashewar ce aikin da ya fi kowanne.

Sai sabunta Windows, wanda shi ne ke cinye data da haƙuri. Microsoft na fitar da gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, don haka injin da ya yi rabin shekara a kashe zai iya jan gigabait da dama, ga na burauza da sauran manhajoji. Mai amfani da datar wayarsa ya shiga saitin Wi-Fi ya nuna wa Windows cewa datar ta awo ce, ya bari sai dare lokacin garaɓasa, ko inda ya sami Wi-Fi. Sharaɗi ɗaya ne: kada wuta ta yanke ana tsakiyar sakawa. In batir ba ya riƙe caji, a tabbatar janareto na da mai, domin yankewar nan ce ke sa injin ya dinga kunnuwa yana mutuwa. A kuma sani, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 na buƙatar aƙalla RAM (ƙwaƙwalwar aiki) gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64 da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjon da ke hannun ɗalibai ba su cika sharuɗɗan ba.

Batun asusu ya fi ɗaure kai. WhatsApp na kwamfuta zai riga ya fita da kansa, sai an sake haɗa shi da waya. Google kuwa, tun Disamban 2023, tana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Wanda ya manta kalmar sirri kada ya yi ta cinke har a kulle shi. Ya nemi a turo lamba ta waya. Nan ne ake gane amfanin layin da aka yi rajista da shi, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani. Da an shiga, a sabunta lambar waya da imel na ceto.

Tarin saƙonni fa? Kada a faro daga mafi tsufa, a nan yini ke ƙarewa. A fara leƙa akwatin tarkace na imel, wato Spam, tunda Gmail na goge abin da ya kwana 30 a ciki, kuma takardar kiran intabiyu kan faɗa can. Sannan a nemi saƙonni da sunan mai aikowa: wurin aiki, makaranta, banki, abokan ciniki. Duk abin da ke da wa'adi a amsa shi ranar, layi biyu sun isa, ban da dogon ban haƙuri. Saƙon da ya ce za a rufe asusunka in ba ka danna nan ba, ko ya nemi BVN da lambar katin ATM, na 'yan damfara ne, kuma wanda ya daɗe bai leƙa ba shi suka fi samu, don yana zaton da gaske wani abu ya wuce shi.

Firinta mai tawadar ruwa ita ma bakinta kan bushe. A buga shafin gwaji, a sa ta wanke kanta sau biyu, in layuka ba su fito ba a bar ta ta kwana a sake gwadawa, domin kowace wankewa tawada take sha.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta,
Tudun Wada, Kaduna.