Zuwa ga Auta, kan maganar munafunci

Auta ya gida, ya maigidan naki, Allah ya sa kuna lafiya. Shekaranjiya yayarki ta nuna min abin da kika ɗora a status, wai Allah ya tona asirin munafukan gidan nan. Wata huɗu kacal da kai ki ɗaki har kin gama sanin munafukai a gidan mutane?

Kalmar nan nauyi gare ta. Mu dai a bakinmu duk wanda ya kwashi zance nan ya kai can munafuki ne, ko yaro ya kai ƙarar ɗan'uwansa haka ake ce masa, amma ke kin yi Islamiyya, kin san sura ce sukutum a Alƙur'ani, ta 63, kuma a Nisa'i aya ta 145 Allah ya ce suna can ƙarƙashin wuta. Malamai sun ce asalinta a Larabci daga ramin wani ɓeran sahara ne mai ƙofa biyu, in an tare shi ta nan ya sulale ta can.

Ni ba status ɗin ne ya hana ni barci ba ma. An ce facalarki ta yi miki kukan uwar mijinku a waya, ta ce tsakaninku ne, ke kuma kika tura muryar ga ƙanwar miji, washegari kika shiga ɗakin facalar taki kuna dariya tare kamar ba komai. Auta in gaskiya ne, wa ya ci amanar wa? Alama uku Annabi (SAW) ya faɗa, ƙarya, saɓa alkawari da cin amana, ta ukun nan nake ji miki tsoro wallahi, har hawaye na yi a kan sallaya. Ni ban haifi 'yar kai-ta-kawo ba.

Kin ga zaman da na yi da Inna, ko ranar da ba ma shiri sai na gaishe ta na kai mata tuwo, har kika taɓa ce min ai wannan munafunci ne. Kara ce. Abin da ke cikina na haɗiye shi, ban taɓa ɗaukarsa na kai ɗakin kowa ba, tambayi babanku.

Ki goge abin nan yau, ki taka da ƙafarki ki je ki ba facalarki haƙuri, ban ce ta waya ba. In kuma sharri aka yi miki ki kira ni bayan isha'i in ji daga bakinki, ni ce dai uwarki. Ranar Juma'a zan aiko miki da daddawa da kukar da kika ce. Allah ya yi miki albarka.

Ummanki